Fuskoki a Bangon Masu Zane

Wata ma'aikaciyar jinya ba ta huta ba tun da ƙanwarta ta ɓata. Da magariba ta bar dandalin 'yan yawon buɗe ido, ta kutsa tsohuwar unguwar masu zane, inda aka ce an ga yarinyar.

A wani lungu mai warin fenti ta tarar da tsoho yana zana fuskoki a bango, ba fitila.

"Baba, ko ka ga wannan?" Ta miƙa masa hoto.

Bai waiwayo ba. "Ga ta can sama, 'yata."

Ta ɗaga kai. Fuskar ƙanwarta ce, fentin har ya tsattsage, amma hawaye na bin bangon. Ta so ja da baya, ƙafafunta suka ƙi.

"Kada ki motsa, Yaya," in ji tsohon da muryar yarinyar. "Saura baki na gama zana ki."