Yarinyar da Ta Wanke Aisi da Toka

A zamanin mulkin soja, kayan gyaran lantarki sun yi wuya ƙwarai. Malam Ilisha, mai gyaran rediyo a Maƙarfi, ba ya yar da komai. Idan na'ura ta mutu, sai ya ciro aisin cikinta ya adana. Aisi wani ɗan baƙin abu ne mai ƙafafu jere kamar shanshani. Wasunsu ƙwaƙwalwa ne, su ke riƙe abin da na'ura ta sani.

Kowane aisi da lambarsa a bayansa. Kowane kuma da kwalin ashanarsa, an rubuta lambar a kai.

Wata Laraba aka kawo piyanon lantarki na cocinsu ya daina magana. Ga shi ran Lahadi za a yi bikin godiyar girbi. Malam Ilisha ya duba, ya ce ƙwaƙwalwar ce ta ƙone, amma yana da irinta guda ɗaya tak. Ya yi alkawarin gamawa, sannan ya tafi Zariya sayen dalma.

To, yana da 'ya mai son tsafta, har abin ya yi yawa. Ta ga aisin nan duk ƙura. Ba ta tambayi kowa ba, ta juye kwalaye talatin a faranti ɗaya. Ta sa toka da soso ta dirje su tas, kamar tukunyar mamanta.

Baba na dawowa ya dafe kai. Lambobin duk sun goge.

"Baba, ai gyara na yi maka," in ji ta.

"Na sani," ya ce. "Amma yanzu wanne ne na piyano? In na sa wanda ba shi ba, zan iya ƙona komai."

Kunya ta kama ta, ta yi kuka. Can ta share hawaye, ta ce ita ta ɓata, ita za ta nemo.

Baba ya ba ta ƙonannen aisin da kwalin da ke ɗauke da lambar na piyanon. Ta ƙirga ƙafafun ƙonannen, ashirin da takwas. Ta bi sauran ɗaya bayan ɗaya tana ƙirgawa, har idonta ya yi ja. Masu ƙafa ashirin da takwas guda bakwai ne. Ta ware gajeru da sirara. Saura uku, kamarsu ɗaya sak.

Nan fa ta tsaya cik. Alhamis ta wuce, Juma'a ma haka. Ƙawayenta suka kira ta wasan 'yar carafke, ta ƙi.

Ran Asabar da hantsi ta hura wa ɗaya iska don ta kore ƙura. Tururin bakinta ya kwanta a kai. Da ta karkata shi wajen rana, sai ga inuwar lamba dishi-dishi. Amma ba ita ce ta kwali ba. Ta gwada na biyu, shi ma ba shi ba ne. A na uku lambar ta zo daidai da ta kwali.

Baba ya sa shi, ya danna. Piyano ya amsa.

Ran Lahadi coci ya cika da waƙa, muryar yarinyar ta fi ta kowa tashi. A hanyar gida Baba ya miƙa mata biro, ya ce daga yau ita ce mai rubuta lambobi.

Tun daga ranar ta gane darasinta: kafin ka taɓa kayan aikin wani, ka tambaya. In kuma ka yi kuskure, kada ka gudu, ka tsaya har ka gyara.