Baƙon Da Ya Ce Ya Ƙoshi

An ce a wani zamani da ya shuɗe, wani matafiyi ya sauka a zauren wani manomi. Manomi ya kawo tuwo, ya ce, "Bisimilla, baƙo."

Matafiyi ya ce, "Alhamdu lillahi, na ƙoshi."

Aka sake yi masa tayi, ya sake cewa, "Na ƙoshi." Amma manomi ya lura yana ta haɗiyar yawu.

Sai manomi ya rufe akushi, ya ce, "Malam, ba na ci baƙo yana kallo. Yau da yunwa zan kwana ke nan."

Matafiyi ya ce, "Subhanallahi! Saboda ni?" Ya matso ya sa hannu.

Manomi kuwa ya shiga labarin damina, bai dubi lomar baƙonsa ba har tuwo ya ƙare.