Akwatin Dogo a Kara-Kara

Ranar Talata ce cikin bazara, tun hantsi kwalta ke narkewa a Damagaram, aka kira Insifekta Kassim. Firigon asibitin garin Dogo ya mutu tun Juma'a, allurar rigakafin yara ta lalace kaf. Firigon yana da na'urar da ke aiko ƙararrawa Damagaram ta intanet, amma ba abin da ya iso. Kamfanin da ya ba asibitin layi ya ce sakacin teknisiyansa ne, Dibora, aka kawo ta komisariya, ofishin 'yan sanda.

Kassim ya same ta zaune, ko ruwan da aka ba ta ba ta taɓa ba.

"Madam, me kika gani a allonki?"

"Kore, Insifekta, alamar lafiya. Dogo na amsawa."

"Wa ke amsawar?"

Ta ɗago ido a hankali. Ya sa aka kawo mata ordinatarta, kwamfutar aikinta. Ta yi masa bayani ba ɗaga murya: kowane mai layi yana da akwati, ruta, da ke gaya wa babban akwatin kamfani, "adireshi kaza ta wajena ake bi." Babban ya yarda, ya yaɗa wa sauran. Ta duba allon, sannan ta ce:

"Akwati biyu ke cewa su ne Dogo. Babban ya zaɓi na kusa. Yana unguwar Kara-Kara."

A can suka iske Mai Nasara, mai gidan kallon ƙwallo, yana fifita da kwali. Akwatin na saman talabijin.

"Wallahi saye na yi, ranka ya daɗe. Kuma banza ne, dare ɗaya ya yi aiki ya tsaya."

"Wa ya sayar maka?"

"Ta waya muka yi. Na dawo daga Juma'a na tarar an haɗa."

Akwatin ajiya ne da aka shirya wa Dogo saboda ɓacin rana. Mutum uku ke shiga ɗakin kamfanin da ake ajiye shi. Alkasum mai makulli tsoho ne, gwiwarsa ba ta hawa ko tsani. Saura Dibora da Rashid, mai hawa ƙarfe yana ɗaura eriya.

Rashid ya shigo komisariya yana murmushi. "Shef, ni ɗan hawa ne. Abin da ke cikin akwati sai madam."

"Maganar nan ce ta kama ka," in ji Kassim. "Da ita ta sata, sai ta goge sunan Dogo kafin ta kunna, aikin minti ɗaya ne. Kuma kowace kafa ta babban akwatin tana da abin tacewa, ba ta karɓar adireshin da ba na mai layin ba, in ban da kafar gwaji da ke kan ƙarfe. Nan aka soka wayar. Ɓarawon ya iya hawa, bai san akwatin na magana ba. Shi ya janye ƙararrawar firigon Dogo zuwa Kara-Kara."

Murmushin ya tafi. Rashid ya zauna a ƙasa.

"Firigo kuma? Ni me ya haɗa ni da firigo?"

An sallami Dibora da la'asar. Kamfanin bai maida ta aiki ba, ya ce ita ta bar kafar gwaji a buɗe. Kassim ya rubuta rahoto bai ji komai ba sai zafi.

An yi asarar allura ɗari shida, da firigo ɗaya, da aikin mace ɗaya. Yara biyu na Dogo kuma ƙyanda ta ɗauke su kafin sabuwar allura ta iso.