Sunan Da Aka Liƙe

Wayyo Allah, marainiya! Har yau mutanen Gyaɗi-Gyaɗi ba su manta ihun da Basira ta yi da la'asar ɗin nan ba, lokacin da wani ɗan sanda, cikin masu korar 'yan tireda daga bakin titi, ya sa ƙafa ya shuri kaskon awararta, tafasasshen mai ya kwaranyo mata a hannu. Tana birgima tana salati ta ɗaga ido don ta ga sunansa a ƙirji, sai ta tarar ya liƙe sunan da lambarsa da baƙin salatif, fuskarsa kuma rufe da takunkumi. Muryarsa kaɗai ta riƙe, wata shaƙaƙƙiyar murya da ta ce, "Gobe ma ki ƙara!"

Da ta kai ƙara ofishinsu, ɗan sandan da ke bakin kanta ya dube ta a wulaƙance. "Sunansa? Lambarsa? Ba ki sani ba? To ki kawo su nan da Litinin, in ba haka ba ke za mu gurfanar a kotu kan ƙazafi." Ta koma gida da kuka, sai Kawu Dalhatu, ƙanin mahaifiyarta da ke riƙonta, ya watso mata kayanta waje. Shi fa ko inuwar kaki tsoronta yake. "Ba za ki jawo mini hukuma ba!" ya ce, ya banko ƙofa... Ga ƙuna, ga kora, ga kurkuku na jiranta. Kai, duniya!

Mama Ladi, wata tela 'yar Kafancan mai shago a Darmanawa, ita ta tsince ta ta ba ta tabarma. "Share hawayenki, 'yata, Allah ba ya barci." Basira kuwa ba ta da abin yi sai ɗaga hannu ɗaya sama, ɗayan na naɗe da bandeji, tana cewa, "Ya Allah, Kai ka san sunansa..."

Sana'ar Mama Ladi ita ce ɗinka sunaye a kakin ma'aikata. Ranar Asabar da hantsi, Basira na bayan labule tana tsinke zare, wani ya shigo a gaggauce. "Madam, danƙon salatif ya cinye min suna, ga faretin duba kaya ranar Litinin. A sake min, a kuma duba wandon nan, mai ya ɓata shi." Muryar nan ce! Yana fita ta faɗa jikin Mama Ladi. "Mama, wallahi shi ne!" Suka shimfiɗa kayan a kan keken ɗinki, sunan bai gama gogewa ba: Saje Faruk Zakariyya, ga lamba raɗau a ƙarƙashin danƙo, ga tabon mai tun daga gwiwar wando har ƙasa.

Ranar Litinin su biyun suna tsaye a filin fareti. Mama Ladi ba ta miƙa masa kayan ba, gaban shugabar ofishin, Hajiya Jummai, ta ajiye su, Basira kuma ta kwance bandejinta, ta zayyana mata abin da ya faru. Hajiya ta daɗe tana duban hannun, idonta ya kawo ruwa, sannan ta juya. "Saje, wanda ba shi da abin kunya, me zai sa ya ɓoye sunan ubansa?" Gogan naka sai zufa, ya zube yana "A yi haƙuri, ranki ya daɗe!" Ina! A nan aka karɓe hularsa da bel, aka wuce da shi ɗakin da aka so a kulle marainiya. Hajiya ta bi layi tana ɓamɓare salatif da hannunta daga ƙirjin duk wanda ya liƙa. Basira ta yi sujada a kan tsakuwa tana kuka, amma na daɗi ne wannan karon. Har Kawu Dalhatu ya zo da yamma yana sosa ƙeya, wai dama shi ya san gaskiya za ta yi halinta.

Yanzu Basira ta samu rumfa kusa da shagon Mama Ladi, da sabon kasko. Duk ɗan sandan da ya tsaya sayen awara, sai ta karanta ƙirjinsa da ƙarfi kafin ta zuba yaji. "Kofur Sulaiman, sannu da aiki!" Shi kuwa sai ya gyara tsayuwa ya amsa.