Buhun Farko

Idan ka shigo harabar kamfaninmu, kafin ma ka gaisa da mai karɓar baƙi, idonka zai faɗa kan wani ƙaton hoto a bangon dama. Wani mutum ne sanye da koriyar riga ta 'yan sa-kai yana miƙa wa wata tsohuwa buhu, ita kuma ta ɗaga kai tana kallonsa da wani irin so. Baƙi kan tsaya su yaba. Ni na ɗauki hoton nan, kuma shekara biyu ke nan ta ƙofar baya nake shiga ofis don kada in gan shi. Yau zan faɗi abin da ke cikinsa, ko na samu sauƙin abin da ya tokare mini ƙirji.

Kamfaninmu yana da tsari mai kyau, wannan kam ba zan ci amanarsa ba. Duk bayan wata uku ma'aikata kan haɗa gudummawa, kowa daidai ƙarfinsa, kamfani ya ɗora kwatankwacin abin da aka tara, a sayo shinkafa da mai da sukari da sabulu. Ana gobe rabo mu da kanmu muke ajiye aikin ofis, mu sa korayen riguna, mu shiga sito muna aunawa muna ɗurawa, ana raha ana tsokanar juna. Kashegari a loda mota a shiga wata unguwa ta marasa ƙarfi a raba. Nawa aikin shi ne ɗaukar hoto saboda mujallar kamfani. Buhun farko shi ake yi wa hoto na musamman, manaja na tsaye a gefe, kuma ni ne mai bin layi in zaɓo wanda za a fara ba. Fuskar da za ta taɓa zuciya nake nema. Ku riƙe wannan, don a nan laifina yake.

Shugaban kwamitin rabon abokina ne, Ɗan Gayu muke ce masa. Turarensa kan riga shi shiga ɗaki, takalminsa kuwa kana iya gyara hula a jikinsa. Ya gaya wa kowa, har matarsa, cewa iyayensa masu hali ne, sun rasu tun yana ƙarami dangi suka cinye gadon. Muka yarda. Mutumin nan ya tsani talauci kamar ciwo. In ya gama gaisawa da mutanen layi sai ya zagaya bayan mota ya goge hannu. Ga shi shekara tara yana kujera ɗaya, waɗanda ya koya wa aiki duk sun wuce shi, abin yana cinsa.

Wata Asabar da hantsi ya ce in raka shi wani wuri. Muka ratsa kasuwa har layin masu ɗinkin buhu, muka tsaya a shagon ƙarshe, inda wani tsoho mai fararen gira yake zaune da basilla a hannu. Bai tambaye mu abin da ya kawo mu ba, ya ɗaga labulen buhu ya ce mu shige.

Ɗakin ciki ba taga. Wari ne ya fara tarbar mu, irin na jiƙaƙƙiyar fata da tsohon jini. Da idona ya saba da duhun sai na ga ƙananan buhuna rataye a rufi, sun fi ɗari, kowanne an ɗinke bakinsa da baƙin zare. Babu iska a ɗakin, amma lilo suke yi a hankali. Wanda ke daidai kaina yana kumbura yana saɓewa kamar cikin mai barci. A tsakar ɗaki akwai wata baƙar tukunya a kife, gindinta ya yi maiƙo. Wallahi a lokacin ƙafata ta ce in gudu, son ganin ƙwaƙwaf ne ya zaunar da ni.

Ɗan Gayu ya faɗi buƙatarsa, ya ƙara da cewa shi fa ba zai ba da mata ko ɗa ba. Tsohon ya yi wata 'yar dariya ta hanci.

"Me zan yi da jinin gidanka? Kai da ake yi wa layi ana maka addu'a? Kawo rigar nan da kake rabo da ita."

Ashe yana tafe da ita a jaka. Tsohon ya sa wa tukunyar rigar kamar mai sa wa yaro kaya, ya kama babban yatsan Ɗan Gayu ya soka basilla, ya ja baƙin zare ta cikin jinin har ya jiƙe. Yana yi yana magana ƙasa-ƙasa da tukunyar, ni kuma na rantse na ji ana amsa masa daga ƙarƙashi.

"Duk ranar rabo, ka ɗinke bakin buhu ɗaya da zaren nan, ɗinki bakwai. Shi za ka fara bayarwa, da hannunka. Wanda ya karɓa ya yi maka addu'a, abin da ya rage masa na rabon duniya ya dawo wurinka."

"Shi kuma fa? Me zai same shi?"

"Abin da ka zo nema za ka tambaya, ko abin da ba ruwanka?"

Sai Ɗan Gayu ya tambaya ko zai iya zaɓar wanda zai ba.

"Ba ka zaɓe, ba ka fasawa. Wanda ya fara tsayawa gabanka shi ne. Ranar da ka janye hannu, ɗinkin a jikinka zai warware."

Ya ce ya yarda. Da muka fito rana ta haske mu, na yi ta masa dariya ina cewa tsoho ya yi mana wasan yara ya ci kuɗinmu. Ƙarya nake yi wa kaina, na san abin da na gani.

A rabo na gaba na zaɓo wani tsoho mai gyaran takalmi, haƙori biyu a bakinsa, murmushinsa kuwa ba a magana. Ya karɓi buhu ya yi ta zuba addu'a. Mako uku bayan nan aka ɗaga Ɗan Gayu zuwa shugaban sashe. Na biyu wata gwauruwa ce mai wankau, sai ga sabuwar mota. Kafin shekara ta zagayo ya tare a gida mai bene da mai gadi a ƙofa, duk abin da ya taɓa sai ya yi albarka a idon mutane. Manaja yana kafa misali da shi a taro, yana cewa ga ribar taimakon al'umma nan a fili.

Ni kuma ina da wata ɗabi'a, in na wanke hoto nakan kai wa mai shi kwafi ɗaya. Na kai wa mai gyaran takalmi, na tarar an yi bakwai ɗinsa. Na ce ai tsoho ne. Na kai wa mai wankau, aka ce ta rame ta bushe cikin wata guda har ta rasu, likita bai ga komai ba. A na uku ban da sauran abin da zan gaya wa kaina. Na tari Ɗan Gayu da maganar a ofishinsa, ya rufe ƙofa, ya ce in daina ɗora wa kaina abin da ajali ya yi. Kashegari na tarar da sabuwar kyamara a kan teburina, irin wadda na shekara biyar ina mafarki. Na ɗauka. Ina jin kunyar faɗin wannan, amma abin da na yi daga nan shi ne na riƙa zaɓo mafi tsufa a layi, ina ce wa zuciyata tausayi ne, ai dama sun kusa.

Rabo na bakwai, manaja ya ce a kai unguwar da ke bayan tsohuwar masaƙa. Ɗan Gayu ya kawo dalili ya fi goma don a canja, wai hanya ba kyau, wai mutanen wurin ba su da tsari. Manaja ya ce an riga an yi wa dattawansu alkawari.

Ran nan rana ta buɗe sosai, layi ya miƙe har bakin kwata. Ina bi ina duba fuskoki, sai wata tsohuwa ta riƙe mini gefen riga. Tsaf da ita, mayafinta ya koɗe amma a wanke yake fes. Ta ce don Allah ɗan nan in sa ta a gaba, kuma in na wanke hoton in kawo mata ɗaya. Na dube ta na ce a raina yau na samu bangon mujalla. Na kama hannunta da kaina na kai ta gaban tebur.

Ɗan Gayu na riƙe da buhu mai baƙin ɗinki. Da ya ɗago ya gan ta sai ya daskare. Hannun da ya fara miƙawa ya dawo da shi ƙirji. Manaja na gefe, ma'aikata sun kewaye, kowa na jira. Ni da na san abin da ke cikin buhun, ni ne na buɗe bakina na ce, "Ranka ya daɗe, miƙa mata mana, ka ɗan yi murmushi, rana na dukan mutane."

Aka yi dariya. Ya dubi manaja, ya dubi tsohuwar, ya miƙa. Ta sa hannu biyu ta karɓa, ba ta ko kalli buhun ba, fuskarsa take kallo.

"Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Allah ya rufa maka asiri duniya da lahira."

Na danna kyamara. Daga baya na hango shi bayan mota yana ta amai, na ɗauka zafin rana ne.

Bayan kwana goma na kai mata hoton. Na same ta kwance a ɗan ɗakinta, ta zube kamar ba ita ba. Bangon ɗakin kuwa duk hotunan Ɗan Gayu ne da aka yanko daga mujallarmu, waɗanda ni na ɗauka, an manna su a jere. Ta karɓi nata ta ɗora a ƙirji, ta ce Ɗan Gayu ɗanta ne, shi kaɗai Allah ya bar mata. Da surfe da wanke-wanke a gidajen mutane ta yi masa makaranta. Shekara shida rabon da ya tako ɗakin nan, saƙo kawai yake aikowa. Da ta ji kamfaninsu zai zo, ta roƙi dattawa su sa sunanta, ba don shinkafa ba, don ta gan shi kusa da kusa. Buhun ma ba ta buɗe ba, ta ɗauka har ƙofar gidansa ta ba mai gadi, ta ce a ba jikokinta da ba ta taɓa goyawa ba.

"Kada ka faɗa a wurin aikinku," in ji ta. "Babban mutum ne yanzu, kada a raina shi."

Ban san yadda na fito daga ɗakin ba. Na sami Ɗan Gayu a ofis na zazzage masa abin da ke bakina, na ce da kalma ɗaya, da ya ce uwata ce, da ya tsirar da ita ko da shi zai tafi. Bai musa ba. Ya ce ya koma wurin tsohon ya durƙusa, tsohon ya ce shi bai nemi jinin gidansa ba, shi ya kawo da hannunsa, kuma abin da aka karɓa da addu'a ba ya dawowa. Sannan ya ɗago jajayen idanunsa ya ce, "Kai ka kawo ta gabana."

Ran kwana na goma sha tara ta cika. Saboda fuskarta ce a bangon mujalla, manaja ya tura wakilai gaisuwa, Ɗan Gayu a gaba, cikin koriyar riga. Ya tsaya gaban mutanen da suka san shi tun yana rarrafe, ya karanta ta'aziyyar kamfani daga takarda. Ba wanda ya ba shi hannu. Wani dattijo ya bari ya gama, sannan ya ce, "Mun karɓi gaisuwar kamfani. Ta ɗanta muke jira." Ni da ke bayansa na so ƙasa ta tsage in shige.

A gidansa kuwa matarsa ce da hannunta ta warware baƙin zaren buhun da tsohuwar ta kai, ta dafa wa yara abin da ke ciki. Autarsu ta kwanta, ba ta yi mako biyu ba. Bayan an binne ta sai matar ta ɗauki allura. Ta ɗinke bakin matasai, ta ɗinke aljihunan rigunansa, ta ɗinke labule da labule, ɗinki bakwai-bakwai, tana ƙirgawa a fili. Ranar da aka same ta tsaye kan babban ɗansu yana barcin rana, allura a hannu tana kallon bakinsa, danginta suka zo suka kwashe ta da yaron. Gidan ya kama da wuta ba a san dalili ba, motocin suka bi, aiki ya sallame shi bayan ya shiga taro ba takalmi.

Yanzu in ka bi ta layin masu ɗinkin buhu za ka gan shi, da ragowar koriyar rigar a jikinsa, rungume da buhu wanda ba komai a ciki. In tsohuwa ta zo wucewa sai ya ɓoye shi a bayansa yana roƙonta kada ta karɓa, kada ta yi masa addu'a. Shagon ƙarshen yana nan a buɗe, kuma har yau ina ganin masu takalma masu sheƙi suna ɗaga labulen.

Tsarin rabonmu bai tsaya ba, kuma bai kamata ya tsaya ba, mutanen kirki ne suke haɗa shi da guminsu. Ni dai na ajiye kyamara, na koma ɗaukar buhu a sito. Kai kuma da kake ganin an wuce ka a wurin aiki har zuciya ta fara raya maka gajeriyar hanya, ka ji tsoron Allah. Duk wanda ya ce zai ba ka dukiya a kan ran baƙon da ba ka sani ba, ƙarya yake, layin nan yana tafiya ne har ya iso kan naka, kuma ranar ba za ka iya janye hannu ba.

Sau uku ina roƙon manaja a sauke hoton nan. Ya ce ba mu taɓa samun wanda ya kai shi kyau ba, wai duk wanda ya kalli idon tsohuwar sai ya rantse ɗanta take kallo.