Bugun Ƙarfen Jernej

"Kashe shi, Baba... don Allah."

Malam Vinko bai ko kalli 'yarsa Darinka ba. Kaset ɗin na ta juyi a kan teburin kicin: ihun matasan birnin Ljubljana a wurin wasan kiɗa, rugugin injina, sai ƙarar ƙarfe. Jernej ne, saurayinta, yake dukan bututu a gaban jama'a.

Slavka 'yar maƙwabta ce ta kawo shi, wai tsautsayi. Kowa a garinmu Trbovlje ya san tun yaushe take son Jernej.

Can sai bugun ya canza. A hankali, ya tsaya, ya sake dawowa a raunane.

Mu da muka ci ƙurar ramin kwal muka fito da ƙafarmu, mun san shi. Haka wanda rami ya rufta da shi yake dukan bututu don a san yana da rai. Ni ma na yi, kuma ga ni. Ƙanen Vinko ya yi har hannunsa ya mutu, Vinko na haƙa yana ji, bai kai gare shi da rai ba.

A kaset ɗin kuwa tafi ake yi.

"Wa ya koya masa?" in ji Vinko.

"Ni ce," in ji Darinka. "Sirri na ba shi, Baba..."

"Ƙanena kika bayar aka yi rawa da shi."

Ta samu Jernej a tashar jirgin ƙasa, hannunsa duk tsatsa.

"Ka janye kaset ɗin nan."

"Haba 'yar lelena, ya riga ya bazu. Har birnin Zagreb ana kwafa."

"To ka daina bugawa."

"Darinka, ubana ma huhunsa ya tafi a ramin nan. Su rufe bakinsu, mu ma mu rufe?"

"Kai ba ka ji Babana yana kuka da safe ba."

"Zo mu tafi tare. Ina sonki, kin sani."

"Ka ce ka daina, in shiga jirgin nan ko takalmi ban canza ba."

Ya dubi hannuwansa. Sai ya juya ya hau.

Jirgi ya tashi da shi.

Da ta koma gida, ta tarar uban ya zare zaren kaset ɗin kaf ya cusa a murhu. Ya tura mata kwanon dankali.

"Ci, ya huce."

Ta zauna ta ci duka, hawaye na zuba a ciki.