Hatiman da Baba Ya Wanke

Auta ta ɗauki hatimin fure, sai ya manne mata a yatsa kamar cingam.

Ta ɗauki na tsuntsu... fiffiken ya kumbura, bakin ya narke.

Baba yana tsaye a ƙofar ɗakin aikinta da tsumma a kafaɗa, yana jiran ta yi murna. Da safe, bayan ta fita sayo takarda, ya leƙa ya ga hatiman roban da take buga zane da su a kan katin gaisuwa sun yi baƙi ƙirin da tawada. Shi kuwa mai gyaran janareta ne, duk abin da ya yi dauɗa kananzir yake sa masa. Sai ya juye su a kwano, ya jiƙa, ya bi su da buroshi ɗaya bayan ɗaya, ya jera a taga su bushe.

"Baba... me na yi maka?"

Baba ya sauke tsumman daga kafaɗarsa.

"Da cewa ka yi in mayar masa da kayansa, wallahi da na mayar. Ba sai ka narkar da su ba."

Ta kife kai a kan teburin, a tsakiyar soso da kwalaben tawada, kafaɗunta suna rawa. Wani shagon kayan kyauta yana jiran katunanta ƙarshen mako, amma Baba ya san kukan ba na shago ba ne. Na wanda ya sassaƙa hatiman ne.

Wani saurayi ne da kowa yake kira Mai Hatimi, yana da ɗan tebur a ƙarƙashin matakalar wani bene a layin masu sayar da takardu. A can Auta ta fara kai masa zanenta yana mayar mata da shi roba, daga nan magana ta wuce ta aiki. Ya zo gaida Baba har gida, Baba ya amsa masa a tsaye, ko kujera bai nuna masa ba.

Ba ƙinsa yake yi ba, tsoro yake ji. Yayarsa, wadda yara suke kira Goggo, ta cika masa kunne cewa masu sana'ar nan hatimin ofis na bogi suke yi a ɓoye, ƙarshensu hannun 'yan sanda. Ita tana da nata ɗan takara, ɗan ƙanin mijinta mai shagon buga kati, wanda injinsa ke aman kati kamar ruwan famfo. Baba mutum ne da in Auta ta yi tari sau ɗaya sai ya fara tambayar hanyar asibiti. Tun da ya ji maganar 'yan sanda, ko abinci ba ya masa daɗi.

Kafin la'asar labari ya kai wa Goggo, sai ga ta. Ta leƙa kwanon, ta ce ai Allah ne ya raba, yanzu sai yarinya ta je ta koyi aikin inji a wurin mutumin kirki. Ta juya ta yaba wa Baba a gaban kowa, ta ce ashe dai ƙanin nata ya fara jin magana.

Auta ta ɗago ta dube shi sau ɗaya, ta tashi ta rufe ƙofa.

Mama ta yi ƙoƙarin gyara zance ta bayan ƙofar. Ta ce ai kowa ya san halin mutumin nan, in ba a tsare ba har kofin shayi da kananzir zai wanke. Ba wanda ya yi dariya a ciki.

Washegari Baba bai buɗe shago ba. Ya ƙulle hatiman a leda, ya kama hanya, yana tafe yana shirya abin da zai faɗa yana rushewa.

Mai Hatimi na ganinsa ya miƙe da sauri har 'yar wuƙar aikinsa ta faɗi. Ya goge kujerarsa da hannun riga ya ba shi, shi ya durƙusa a gefe. Baba ya kwance ledar ba tare da dogon bayani ba, warin ya riga ya faɗi komai.

Saurayin ya ɗauki na furen ya kai kusa da haske, ya daɗe yana juya shi.

Baba ya tambaya ko za su gyaru. Saurayin ya ce a'a, sai dai sababbi, kuma zai yi, domin zanen duk yana kansa.

Baba ya gyara zama, ya yi ƙasa da murya.

"Yaro, alfarma ɗaya nake so. Ka ce mata dama robar ta tsufa, ko ban taɓa ba lalacewa za ta yi."

Mai Hatimi ya sunkuyar da kai.

"Baba, ka yafe ni... ba zan iya ba. Robar lafiyarta ƙalau, kananzir ne ya cinye ta. Ban taɓa yi mata ƙarya ba."

Gumi ya keto wa Baba. Ya tuna masa cewa 'yarsa yake nema, kuma a hannunsa amsar take.

"Na sani, Baba," in ji saurayin. "Amma akwai abin da zan iya gaya mata, in ka yarda."

Ya miƙo hatimin, ya nuna masa tsakanin ganyen furen da bakin wuƙa. Duk wani lungu, har wanda tsinke ma da ƙyar zai shiga, an goge shi tas, babu ɗigon tawada. Ya ce wanda ya tashi ɓata abu jefa shi yake yi a kwano ya tafi abinsa, ba ya zama ya bi kowane ganye da buroshi.

Baba ya kawar da kai ya kalli titi.

Bai tafi ba. Ya zauna yana kallon yadda yaron yake zana furen a juye, yana cire robar kaɗan-kaɗan kamar mai yanke wa jariri farce. Da aka zo katakon da ake manna robar a kai, ya ga yana fere gefe ɗaya fiye da ɗayan. Ya ce masa ai ya karkace. Saurayin ya ce da gangan ne, Auta bahaguwa ce, kuma in ta daɗe tana dannawa wuyan hannunta yana ciwo.

Baba bai san da ciwon ba. Ya karɓi katakon da abin gogewa, ya ce ya kawo, wannan kam aikinsa ne.

A cikin aikin ya jefa masa tambayar da ta hana shi sakat, ta hatimin bogi. Mai Hatimi bai yi rantse-rantse ba. Ya ce ana zuwa masa da irin wannan, yana mayar da su, shi ya sa har yau tebur gare shi ba shago ba. Baba ya ci gaba da goge katako. Mutumin da ya ƙi yi wa uban budurwarsa 'yar ƙaramar ƙarya, ba ya buƙatar shaida.

Da yamma, rana ba ta faɗi ba, suka shigo gida tare. Goggo na zaune a tsakar gida, ta bi su da ido baki buɗe, ta nemi takalminta.

Baba ya ƙwanƙwasa ƙofar da kansa.

"Autata... buɗe mana. Na yi ɓarna, amma ba da nufi ba. Ga wanda zai faɗa miki, tun da shi ba ya ƙarya."

Ƙofar ta buɗe a hankali. Idanunta sun kumbura. Mai Hatimi ya nuna mata tsohon furen, ya faɗa mata abin da ya faɗa wa Baba, bai ƙara ba bai rage ba. Ta daɗe tana kallon lungunan nan, sannan ta riƙo hannun mahaifinta da hannu biyu.

"Babana... ka yafe min."

Ya ce ta bar wannan, ta zo ta gwada sababbin, shago na jira.

Ta shimfiɗa farin kati. Ta dangwali tawada rawaya da soso, ta fara murzawa daga wajen takardar tana shigowa ciki a hankali, ta bi da ja, ta rufe sama da shuɗi, har launukan suka narke cikin juna ba a ganin inda ɗaya ya tsaya. Baba ya ce a ba shi ya gwada. Ya danna soson da ƙarfin da yake ɗaure noti, sai ga ƙaton tabo a tsakiyar kati. Mama ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce a karɓe tun kafin ya huda teburin.

Auta ta shafa wa sabon hatimin tawada, ta danna, ta ɗaga.

Furen ya fito, kowane ganye a wurinsa.

Ta saci kallon Mai Hatimi, shi ma ita yake kallo. Baba ya gan su. Gabansa ya faɗi kamar kullum, ya jira tsoron ya ƙaru, sai ya ji bai ƙaru ba.

Ya yi gyaran murya.

"Kai yaro... kana da manya kuwa?"

"Ina da su, Baba."

"To ka ce ina son ganinsu."

Auta ta rufe fuska da tafukan hannu ta ruga bayan Mama. Da ta leƙo, kumatunta duk sun yi shuɗi da ja, ba ta sani ba. Mai Hatimi ya buɗe baki zai gaya mata, Baba ya taɓa masa kafaɗa.

"Wannan kam ka ƙyale ta. Ba ƙarya ba ce in ka yi shiru."